Randar da Ta Daina Zufa

Duk wanda bai taɓa azumi a Garwa cikin bazara ba, ya daina cika mana baki wai ya san ƙishirwa. Zafin garin nan ba daga sama kaɗai yake saukowa ba. Duwatsu su feso nasu, yashin kogin Binuwai ya ƙara da nasa, ƙasa kuma tana gasa ka ta cikin takalmi. To, a shekarar da Kamaru ta karɓi mulkin kanta, azumi ya faɗo tsakiyar wannan wuta, kuma a shekarar ce ruwan randar Halliru mahauci ya ƙi yin sanyi.

Na san za ka ce, to sai me, randa ce fa. Ba ka san randar ba ne.

Dela, matar Halliru, ita ta zo da ita cikin kayan aurenta, shekara ashirin da shida ke nan. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma Halliru ba wani mai hali ba ne, ɗan tebur gare shi a layin mahauta, shi da wasu mutum biyu ke haɗuwa su kayar da sa ɗaya. Abin da gidan ya yi suna da shi ruwa ne. Randar tana zaune a zaure, tsakanin ƙofar waje da ta cikin gida, a kan tulin yashi, da faifai a bakinta da moɗa a kai. In ka kurɓi ruwanta da tsakar rana sai ya riƙe maka haƙori, ga ƙamshin jema yana bin maƙogwaro. Saboda haka duk azumi, tun kafin rana ta faɗi, mahauta bakwai ko takwas kan baza tabarma a ƙofar gidan Halliru, kowa da ɗan ƙullin dabino ko ƙosai, suna jiran kiran salla. Babbansu a surutu shi ne Wada, wanda suka koyi fiɗa tare da Halliru tun gemu bai fito musu ba. Wada kan ɗaga moɗa ya ce, "Wallahi ko gidan Nasara mai ƙanƙara ba a shan irin wannan." Halliru ya dinga murmushi, sai ka ce shi ya sanyaya ruwan.

Bayan daminar da ta wuce zazzaɓi ya kama Dela. Ranar da Halliru ya shirya zuwa kasuwar Bibemi sayen shanu, tana kwance a bakin ƙofar ɗaki ta ce masa, "Malam, da ka bar tafiyar nan sai mako mai zuwa. Jikin nan nawa ban gane masa ba."

Ya ce, "Zazzaɓin kaka ne, kowa na yi. Kwana uku na dawo."

Kwana huɗu ya yi. Da ya karyo kwanar unguwa ya hango tabarmi a ƙofar gidansa da mutane zazzaune, ya san ta faru ta ƙare. Tun jiya an kai ta makwancinta. Bai ga fuskarta ba, bai ce ta yafe masa ba, ita ma ba ta bar saƙo ba, don maƙwabciyar da ta leƙo ta tarar baki ya riga ya rufe. Wannan shi ya tsaya wa Halliru a rai. Rashinta zai iya jurewa, mutuwa rigar kowa ce. Abin da ya kasa jurewa shi ne rashin sanin ko da fushinsa ta tafi.

Da aka yi sadakar arba'in dangi suka watse, gida ya yi tsit, Halliru ya fara ganin abubuwan da ya yi shekaru yana wuce su bai gani ba. Wata safiya ya durƙusa zai ɗebi ruwan alwala, hannunsa ya taɓa jikin randar, ya ji danshi. Ya duba da kyau, ya ga duk ta yi raɓa, yashin da ke ƙarƙashinta kuwa sharkaf. Ya ce shi ke nan, ta tsufa, ta fara yoyo, wata rana zai tashi ya tarar ta dare gida biyu. Kayan ɗakin Dela duk ya sakar wa 'yan uwanta sun kwashe, wannan kaɗai suka bari don nauyinta. Bai san haka randa take ba tun ran da aka fito da ita daga wuta. Maza ke nan, su sha ruwa shekara da shekaru, ba mai tambayar inda sanyin ya fito.

Sai ya tuna da wani lebura da ya sani a tashar jiragen ruwa, inda manyan jiragen kaya ke tsayawa da damina in kogi ya cika. Ya roƙe shi ragowar fentin da ake shafa wa jirage, irin wanda ruwa ba ya ratsawa. Aka kawo masa rabin gwangwani, shuɗi mai ƙyalli. Ya juye ruwan, ya shanya randar a rana, ya shafe ta daga baki har gindi. Ta bushe ya ƙara. Ta bushe ya sake ƙarawa, don kada ya yi ha'inci a aikin Dela. Da ya gama, ko ɗigo ba ta fitarwa. Ranar ya ci tuwo ya ji daɗinsa, karo na farko tun rasuwar. Lokacin ɗari ne, ko ruwan da ya kwana a bokiti sanyi gare shi, don haka bai lura da komai ba.

Ran ɗaya ga azumi mahauta suka hallara kamar yadda aka saba. Suka yi wa marigayiya addu'a, suka yaba shuɗin randa, wani ma ya ce ta koma budurwa. Ladan ya kira salla. Wada ya cika moɗa ya kafa kai, sai ya tsaya, ya riƙe ruwan a baki yana zare ido. Da ƙyar ya haɗiye.

"Halliru, wannan ruwan sha ne ko na wankan jego?"

Aka kwashe da dariya, Halliru ma ya yi. Ya ce wataƙila mai ruwa ne bai kawo da wuri ba. Kashegari ya sa aka cika ta tun da asuba, da magariba aka ɗebo, ɗumi. Ya canza mai ruwa, ya sayo sabuwar jema, ya rufe ƙofofin zaure wai kada zafi ya shigo. Abin sai ma ya ƙaru. Da mace ɗaya ta leƙa zauren nan, kallo ɗaya za ta yi ta riƙe baki. Amma wace mace za ta leƙa zauren gwauro? Su kuma mazan da suka kai labari gida, cewa suka yi ruwan Dela ya ƙi sanyi, ba wanda ya ga fenti abin faɗa ne.

Ran huɗu ga wata Wada ya ajiye moɗa, ya shafa gemu, ya ce a hankali, "Ni fa abin nan tsoro yake ba ni. Ruwa ba ya tsami banza. Halliru, kun dai rabu lafiya da marigayiya ko?"

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi dai Wada in magana ta zo masa ba ya tauna ta. Amma ta faɗa daidai kan gyambon. Halliru ya kawar da kai ya hau tattara kwanuka, wannan kuwa ya ishi kowa amsa.

Daga nan mutane suka fara zamewa. Yau wannan ya ce surukinsa ya kira shi shan ruwa, gobe wancan ya ce ƙofar masallaci ta fi masa kusa. Kada ka zarge su da yawa. Mutumin da ya wuni tsaye a kan nama cikin ranar Garwa ruwan sanyi yake nema, zumunci ya biyo baya. Akwai kuma waɗanda, maganar gaskiya, tsoron ruwan suke ji. Wada ya fi kowa daɗewa, shi ma ran tara ga wata ya wuce ta ɗaya gefen hanya yana gyara hula.

Halliru ya yi sadakar waina, ya sa malamai suka yi mata sauka, ya je kabarinta ya tsaya har ƙafafunsa suka gaji. Ruwa na nan yadda yake. Sai ya daina shimfiɗa a waje, ya koma zama cikin zaure, dab da randar. In an kira salla ya ɗebi ruwan ɗumin ya sha, ya ce, "Na ji, Dela. Na yi laifi. Da na zauna." Wata rana ya ba ta labarin kasuwa, yadda shanu suka rame bana, da wanda ya yi faɗa da wane a mayanka. Abin mamaki, zaman yana rage masa kewa. Ai mai fushi da kai yana nan ke nan, bai tafi ba. Kullum yana sa ran wata magariba zai kai moɗa baki ya ji sanyi, ya san ta huce.

Akwai wani mai sayen nama wurinsa duk Asabar, Zacharie, mahauta na kiransa Zakari. Mutumin duwatsun Mokolo ne, Kirista, dogo siriri, yana aiki a filin jirgin sama, a ofishin da suke kira meteyo, inda ake auna zafi da iska da ruwan sama. Matarsa da 'ya'yansa na can gida kan dutse, shi kaɗai yake zaune a ɗakin haya. Hausarsa ta kasuwa ce, inda ta ƙare masa ya cika da Fulatanci ko Faransanci. Wannan Asabar ya nemi tsoka, Halliru ya naɗe masa ƙashi da kitse yana kallon wani wuri.

"Baba Halliru, lafiya kuwa? Shekara uku ba ka taɓa ba ni irin wannan ba."

Abin da mutum ya kasa faɗa wa nasa, wani lokaci bare yake faɗa wa. Halliru ya ajiye wuƙa ya zayyana masa komai, har tafiyar Bibemi. Zacharie ya saurara bai katse shi ba, sai da aka zo kan fenti.

"Fentin jirgi? Duk jikinta?"

"Har gindi. Sau uku."

Zacharie ya ce, "Gobe in na fito coci zan zo gidanka, in ka yarda."

Bayan azahar ya zo a kan kekensa, da kwalabe biyu da tsumma a jaka. Ya toge a bakin zaure, don a garin nan ya koyi kada ya shiga gidan da ba a ce masa shigo sau biyu ba. Halliru ya ce shigo, ya sake cewa. Zacharie ya shafa jikin randar, ya ji ta a bushe ƙamas, ya girgiza kai. Ya cika kwalaben biyu da ruwanta, ya naɗe ɗaya da tsumma ya jiƙa shi sosai, ɗayar ya bar ta haka nan. Ya buɗe ƙofar waje da ta ciki, ya rataye su a tsakani, inda iska ke ratsawa.

"Yanzu sai mu jira," in ji shi. "Baba, in ka yi alwala da ruwan ɗumi, ka fito iska ta buge ka, me kake ji a fuska?"

"Sanyi mana."

"Ruwan ɗumi ne fa. Ina sanyin ya fito?"

Halliru ya shafa fuskarsa. Shekara hamsin yana alwala, bai taɓa tambayar kansa ba.

Zacharie ya ce, "Ruwan da ke fuskarka bushewa yake yi, iska na kwashe shi. To shi ruwa ba ya tashi hannu rabbana. Kafin ya tashi sai ya ɗebi zafi ya yi guzuri da shi. Zafin wa zai ɗiba? Na abin da yake kwance a kai, wato fuskarka. Shi ya sa Allah ya yi mana zufa. Ta fito, ta bushe, ta tafi da zafin jiki. A wurin aikinmu akwai ma'aunin zafi biyu a jere, ɗaya mun ɗaura masa jiƙaƙƙen ƙyalle. Mai ƙyallen ya fi nuna sanyi. Safe da yamma nake dubawa ina rubutawa, Baba, ba labari aka ba ni ba."

"To ina ruwan randa da wannan?"

"Randa gasasshiyar ƙasa ce, jikinta duk ƙofofi ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. Ruwa na tsattsafowa ta nan kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin na ciki. Abin da ka gani ba yoyo ba ne, zufa take yi. Shi ya sa madam ta ajiye ta nan tsakanin ƙofa biyu, ba ta kai ta ɗaki ba. Bari in tambaye ka. Da damina ruwanta yana kai na bazara sanyi?"

Halliru ya yi tunani. "A'a, bai cika sanyi ba. Ita ma takan faɗa."

"Yawwa. Da damina iska ta ƙoshi da ruwa, ba ta karɓar ƙari, zufar ba ta bushewa da sauri. Yanzu kuwa iska ƙishirwa take ji fiye da kai mai azumi. Da ƙofofin jikin randar nan a buɗe suke, da bana ta fi kowace shekara."

Suka zauna suna kallon kwalabe na lilo. In tsumman ya fara bushewa Zacharie ya tashi ya ƙara jiƙa shi. A tsakani ya ba da labarin garinsu, yadda mata ke hawa dutse da tulu a ka, da ƙaramar 'yarsa da ta fara tafiya ba ya nan. Halliru ya lura tun watsewar mahauta ba wanda ya zauna a zauren nan ya daɗe haka. Dab da la'asar Zacharie ya sauko da kwalaben.

"Na san kana azumi, ba sha za ka yi ba. Miƙo hannu."

Ya tsiyaya masa na kwalbar farko a tafi. Ɗumi, kamar kullum. Ya tsiyaya na mai tsumman. Halliru ya zabura. Sanyi ne, irin wanda ya sani, kuma daga ruwan nan da ya yi mako biyu yana ƙin sa.

"Garin gyaran gira," ya faɗa a hankali, bai ƙarasa ba. Sai dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin gemu. "Ashe ni ne! Ni na toshe ta da hannuna! Kai, Halliru, amma ka cika sakarai. Ashe ba fushi take ba!" Ya kama hannun Zacharie da hannu biyu yana jijjigawa. "Usoko, Zakari, na gode. Allah ya biya ka." Ya ji kamar an sauke masa kayan da ya yi wata biyar yana ɗauke da su.

Zacharie ya ce fentin ba zai fita ba ko an kankare, ya riga ya shige ƙofofin. Sai dai a sayo sabuwa, sabuwa ma ta fi zufa. Halliru na goge ido yana gyaɗa kai, can sai hannunsa ya tsaya.

"Tsaya, Zakari. In na sayo sabuwa na ajiye a nan, za ta yi sanyi?"

"Sosai ma."

"Ko ta yafe mini, ko ba ta yafe ba?"

Zacharie ya gane inda maganar ta dosa. Ya so ya yi masa ƙarya, wallahi ya so. Amma mutumin da aikinsa shi ne rubuta abin da ma'auni ya nuna, bakinsa bai saba ba. Ya sunkuyar da kai.

"Ko ta wane hali, Baba. Ƙasa ce da ruwa da iska. Ko a ƙofar ɗakina ka ajiye ta, haka za ta yi."

"To wannan ɗumin na mako biyu fa?"

"Fenti ne."

"Ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce, Baba."

Halliru ya juya ya dubi shuɗiyar randar. Kwana da kwanaki yana zaune gabanta yana ba da haƙuri, yana ba da labarin kasuwa, ashe da tukunya da fentin jirgi yake hira. Dela ba ta yi fushi ta cikin ruwa ba, ba kuma za ta huce ta cikinsa ba. Amsar da yake jira ba ta da hanyar zuwa, sai dai in shi ma an kai shi ya tambaye ta. Tun ranar da ya dawo daga Bibemi bai ji gidan nan ya zama kango ba kamar wannan la'asar.

Zacharie ya tattara kwalabensa yana jin kamar ɓarna ya zo ya yi. A bakin ƙofa ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

"Gaskiya ka faɗa, ba laifinka. Ka gai da gida," in ji Halliru. Sai da keken ya yi nisa ya tuna babu kowa a can da za a gayar.

Ran Talata ya sayo sabuwar randa wurin matan da ke kasa tukwane a bakin kasuwa. Ya mirgina shuɗiyar zuwa bayan ɗaki, ya sake yashi, ya bar ƙofofin zaure a buɗe. Kwana biyu ruwan na warin ƙasa, rana ta uku ya riƙe haƙori. Labari ba ya kwana a layin mahauta. Kafin Juma'a tabarma ta cika, kowa ya dawo da ƙullinsa yana gaisuwa kamar jiya aka rabu.

Ladan ya kira salla. Wada ya kafa kai ya shanye moɗa guda, ya sauke numfashi.

"Alhamdu lillahi! Halliru, ka gode wa Allah, marigayiya ta huce. Ka ga aikin addu'a ko? Da akwai sauran fushi, ko randa goma ka jera a zauren nan ba mai yin sanyi."

"Ƙwarai kuwa," in ji sauran. "Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta."

Halliru ya buɗe baki zai yi musu bayanin zufa da iska da ƙofofin da ido ba ya gani. Ya dubi fuskokinsu, ya ga kowa murna yake taya shi tsakani da Allah. Ya ce, "Amin."

Aka miƙo masa moɗa cike, sanyinta ya ratsa masa tafin hannu.

"Sha mana, ka buɗe baki, lokaci na wucewa," in ji Wada.

Halliru ya ce to. Suka ci dabino, suka ci ƙosai, suka fara miƙewa za su yi alwala, shi yana nan zaune riƙe da moɗa da hannu biyu. Bai kai ta baki ba sai da ruwan ya yi ɗumi.